Buhu Huɗun da Na Kai wa Yaya Cima

Malkar bana ta cika shekara goma sha biyu da bangon ɗaki ya faɗo wa yayata Cima, a ƙauyenmu da ke gindin dutse tsakanin Garhanga da Kaita. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan sayi goro da dabino in raba a masallaci, a yi mata addu'a, in koma gida in yi shiru. Bana ba zan yi shiru ba. Na gaji da jin ana cewa kwananta ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare, ni ma musulmi ne, ba sai an koya mini ba. Amma bangon nan ba haka kawai ya faɗi ba. Siminti aka shafa masa a kan ginin ƙasa, kuma ni, Idi ƙanenta, ni na ɗauko simintin a mota na kai mata ina washe baki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, da bazarar da ta wuce na je na tarar da ƴarta Rabi da yaranta uku suna kwana a cikin irin wannan ɗakin sak.

Bari in fara gaya muku ko wace ce Cima, don waɗanda suka san ta sun fara ƙarewa. Ita ta goye ni, ita ta yi mini dukan da uwarmu ta kasa yi. Doguwa ce, baƙa, in tana faɗa a bakin rijiya ana jiyo ta daga gonakin gero. Mijinta ya rasu ya bar ta da Rabi tana rarrafe, ba ta sake aure ba, ta ce ta ga abin da ke ciki ya ishe ta. Da damina tana noman ƴar gonarta. Da rani kuwa, da zarar an kai gero rumbu, sai ta ɗauki diga da kwando ta hau dutse tonon jips.

Wanda bai san yankinmu na Adar ba ba zai san jips ba. Wani dutse ne fari-fari mai ƙyalli, yana kwance falle-falle cikin laka a jikin tsaunukanmu, tun daga Kaita zuwa Buza har wajen Madawa. Kakanninmu ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sai da aka kafa kamfanin siminti bayan samun mulkin kai aka ce ana so. Ni da na yi shekaru ina jigilarsa da babbar mota, sai daga baya na ji amfaninsa: in ba a niƙa shi cikin siminti ba, kwaɓi kan daskare tun maso, wato maginin siminti, bai kai shi jikin bango ba. A garinmu mata ne ke tono. A haƙa rami har ya shanye mutum, a tsinto shi, a kankare laka da wuƙa ko da farce, a tara tsibi a bakin hanya a jira dillali. Dillali ya zo da takalminsa tsaf, ya shuri tsibin da ƙafa, ya ce ƙasa ta yi yawa a ciki, ya yanka abin da ya ga dama. Tafin hannun Cima ya tsattsage har ba ta iya riƙe allura. Ita kaɗai na taɓa gani ta ce wa dillali ya ɗauke ƙafarsa daga kan guminta ko ita ta ɗauke masa.

Ni kuwa ina kan hanya, da idona na ga yadda abin ya girma. Lokacin da na fara tuƙi kamfani ɗaya ne tilo a duk ƙasar, kuma ƙarami. Mu direbobi mukan yi kwana da kwanaki a bakin ƙofa muna dafa shayi muna jiran lodi. Abin da yake fitarwa bai isa ba, sauran daga ƙetaren iyaka ake shigo da shi. Siminti a wancan zamani abin gwamnati ne, na ginin lakwal, wato makarantar boko, da gidan likita da gada da gidan kumandan mai mulkin yanki. Talaka sai dai ya gan shi a bakin rijiya. Daga baya aka faɗaɗa, aka kawo manyan injuna, motoci suka yi layi, kowane gari aka buɗe shagon siminti. Yau in ka shiga Yamai kana ɗaga kai kallon benaye sai hularka ta faɗi. Ina murna da wannan, wallahi ina murna, don abincin gidana daga nan ya fito. Amma ku je ku duba gindin tsaunukan da aka tono jips ɗin, ku gaya mini gida nawa aka gina da birkin siminti, wato bulo, tun daga tushe har sama. Abin da ya dawo mana buhu biyu ne, buhu uku, iya abin da ɗan ci-rani ke iya saya in ya dawo daga Abijan ko Libiya. Buhu uku ba ya gina ɗaki. Abin da kawai yake iyawa shi ne ya rufe fuskar ɗakin ƙasa har ya yi kama da na masu hali.

Kafin zuwan siminti, ɗakin ƙasa yana da haƙƙi a kan mai shi, kuma kowa ya sani. Duk shekara in bazara ta kama, kafin hadarin farko, ana yaɓe. A ɗebo ƙasa daga kududdufi, a zuba kashin shanu da ƙaiƙayi, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta yi tsami, sannan a bi bango da hannu. Ba don ado ake yi ba. Mai yaɓe yana shafa bangon yana jin lafiyarsa: nan gara ta shiga, nan ruwa ya ci gindi, nan ya fara tsagewa. Babu inda hannu ba ya taɓawa a jikin ɗakin sau ɗaya a shekara. Cima ba ta jiran maza. Ita ke kwaɓa tata, ta hau tsani, ta yi abinta tana zagin duk wanda ya tsaya kallo bai miƙo mata ƙasa ba.

Shekarar da maigidana ya damƙa mini sabuwar mota, kaina ya kumbura. Na ce yayata ta ƙare ƙuruciyarta tana tono wa siminti dutse, ba ta taɓa mallakar ko cokali ɗaya nasa ba, wannan abin kunya ne a kaina. Na sayi buhu huɗu, na ɗauko wani maso daga Madawa, muka shiga gari ina ta danna oda. Na so a gani, kuma an gani.

Illa magini, tsohon da ya gina shigifar Cima, wato ɗakin nata, da rabin rumbunan garin, ya zo yana dogara sanda. Ya dubi buhunan, ya dubi maso yana buga ƙusoshi a bango don siminti ya samu abin kamawa.

"Idi, mi za ka yi ma ɗakinga?"

"Gyara shi za ni yi, Baba, shi huta da yaɓe."

"Ɗaki ba shi hutawa da yaɓe. Ƙasa na shan ruwa, ta hidda shi in rana ta hito. In ka sa mata wanga abu, ruwa na samun hanyar shiga, ba shi samun ta hita. Waje shina kyau, ciki shina ruɓewa, kuma babu mai gani."

Na yi dariya. Na ce masa, a gaban jama'a, tsoro yake ji kada sana'arsa ta mutu. Maganar nan har yau in na tuna ta sai in ji kamar in mari kaina. Tsohon ya juya wajen Cima ya ce, "Ke dai kin san ɗaki. Ki riƙa ƙwanƙwasa shi." Ya ja sandarsa ya tafi.

Cima ta yi jim. Na ga ta yi jim, ban manta ba. Amma ƙanenta ne ya kawo, gari ya taru, mata suna guɗa, wa zai mayar da kyautar ɗan'uwa a gaban mutane? Kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ita ma ta so abin. Ran da aka gama ta tsaya tana shafa bangon da tsagaggen hannun nan nata, ta ce, "Idi, yau dai na ga inda dutsena ka tahiya."

Shekara shida ɗakin yana tsaye sumul. Amare suka riƙa zuwa ɗaukar hoto a jikinsa. Bazara ta zo kowa yana cikin laka har gwiwa, Cima tana zaune a inuwa tana yi musu tsiya. Illa ya rasu a shekara ta uku, aka rasa mai tuna mata. Ko ta ƙwanƙwasa ko ba ta ƙwanƙwasa ba, ban sani ba. Abin da na sani, wani ɗan tsagi siriri ya fito ƙarƙashin indararo, na gan shi da idona wani zuwa da na yi, na ce in na dawo zan zo da rabin buhu a toshe. Ban dawo da shi ba.

A malkar shekara ta shida aka yi ruwa kwana biyu, ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan da ba ya ɗaukewa. Ran na uku da la'asar ta yi alwala ta shiga ɗaki salla. Rabi, lokacin tana budurwa, tana rumfa tana hura wuta. Ta ce ba wata ƙara mai yawa ta ji ba, kamar dai an sauke buhun hatsi daga kan jaki. Bangon gabas gaba ɗaya ya zauna, azara ta biyo shi. Ina Konni aka yi mini waya, kafin in iso an rufe ta. Na je na tsaya a kan kangon. Simintin yana nan falle-falle da ƙarfinsa, wasu ko tsagewa ba su yi ba. Ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama kunu. Na sa hannu na damƙa, ta fita ta tsakanin yatsuna.

Ba wanda ya ce mini kai ne. Da ma wani ya faɗa, da na fi samun sauƙi. Mutanenmu sun iya ta'aziyya, suka yi ta ba ni haƙuri, wasu har suna yaba mini, wai ko ba komai na jiyar da ita daɗi kafin ta tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ko shekara ba a rufa ba aka shafa wa gidan da ke kallon nata siminti, a kan ƙasa, yadda na yi.

Nakan tambayi kaina, da Cima za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ga motocin siminti a babbar hanya sun fi na zamaninta nesa ba kusa ba. Za ta ga jikokin ƙawayenta cikin ramukan da ta bari, da irin digarta, da irin kwandonta, dillali kuma ya sauya takalmi ya samu waya, amma bai daina shurin tsibi ba. Za ta ga tun daga Allakaye har Babankatami gidaje sun koma toka-toka, har an kai iyayen yarinya suna tambaya ko ɗakin ango na siminti ne, ba sa tambaya ko bangon yana da lafiya. Na san ba kuka za ta yi ba. Zagi za ta yi, kuma da ni za ta fara.

Kada a juya mini magana. Ban ce siminti abin banza ba ne. Mai hali ya gina da birki tun daga tushe, Allah ya sa albarka. Ban ce kamfani ne ya kashe yayata ba. Fushina yana kan mason da ya san sarai abin da ke faruwa, don shi ake kira in bango ya zube, amma ya karɓi aikin ya yi gum da bakinsa. Yana kan masu ilimin gini da suka yi karatu da gumin talakawa, suna zaune a biro, wato ofis, cikin sanyi. Ni dai ban taɓa jin ɗayansu ya shiga rediyo ya yi minti biyar da Hausa ya ce jama'a, kada ku shafa siminti a kan ƙasa ku je ku kwanta ba, alhali safe da yamma ana tallan maganin basir. Kuma yana kanmu, mu direbobi da ƴan ci-rani, masu son a ce mun dawo da abu. Mu muka mayar da yaɓe abin kunya, har namiji yana jin nauyin a gan shi da laka a hannu a ƙofar gidansa.

Yanzu ga zancen Rabi. Ta yi aure a wani gari wajen Buza. Mijinta Abdu mutumin kirki ne, ɗan ci-rani, ba ya bari su kwana da yunwa. Na daɗe ban taka gidan ba. Nauyin yarinyar nake ji, gaskiya ke nan, sai dai in aika mata goron addu'ar uwarta duk shekara. Da bazara ta yi haihuwa ta uku, ba yadda zan yi, na je suna. Ina shiga gidan sai ga ɗakinta a tsaye, toka-toka, sumul, har an zana furanni da shuɗin fenti a bakin ƙofa. Shekara huɗu ke nan da Abdu ya shafa shi.

Na bar mutane suna cin tuwon suna, na zagaya bayan ɗakin, na dunƙule hannu na ƙwanƙwasa. Sama ya amsa da ƙarfi. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa, a bangon gabas, ƙarar ƙwaryar da aka kife ya yi. Babu komai a bayansa.

Da baƙi suka watse na ja Abdu gefe, na ce masa a ɓamɓare simintin nan kafin ruwa ya sauka.

"A ɓamɓare, Kawu? Wata takwas niy yi ina dako Libiya kahin in yi wanga aiki. Mutane su ce mi? Su ce Abdu ya talauce ya koma ma laka?"

"Su ce mana. Maganarsu ba ta danne kowa."

"Tsawon kwana na Allah na, Kawu."

"Na Allah na. Shi kuma yab ba ka kunne. Taho ka ji yadda bangonka ka amsawa."

Ya ƙi zuwa. Ya ce in ya samu hali baɗi zai ƙara buhu ɗaya a kai ya yi kauri. Nan na ji jinina ya hau. Na ɗaga murya a gidan suruki, abin da ban taɓa yi ba, na amayar da abin da na yi shekara goma sha biyu ina haɗiyewa. Na faɗi abin da Illa ya ce da abin da na mayar masa. Na faɗi tsagin da na gani na yi tafiyata. Na ce ruwa bai kashe Cima ba, buhu huɗuna ne suka kashe ta. Ban san Rabi tana bayan zana tana saurare ba.

Ta fito da jaririn a kafaɗa. Ba ta dubi mijinta ba, ni ta duba.

"Kawu, ke nan an sani? Tun kahin shi hwaɗi an sani?"

"An sani."

"Ni ko anka ce mini ruwa na. Shekara goma sha biyu kana aiko mini goro, ba ka aiko mini da wagga magana ba?"

Yarinyar nan ta bari an shafa wa ɗakinta siminti tana murna, ta kwantar da ƴaƴanta a gindinsa, don ni da na san gaskiya na fi son a ci gaba da ganina a matsayin ƙanen kirki.

Ta miƙa wa mijinta jaririn. Mai jego ce, kwana bakwai da haihuwa. Ta ɗauki taɓarya daga bakin turmi ta zagaya bayan ɗaki, Abdu yana binta yana cewa, "Rabi, ke Rabi, jego gare ki!" Bugu na farko bai yi komai ba. Na biyu ya tsaga. Na uku wani falle mai faɗin faifai ya ɓallo ya faɗi, ƙasa ta biyo shi tana zuba kamar gari, gara fari fat tana guje-guje a ciki. Abdu ya durƙusa da jaririn a hannu ɗaya, ya zura ɗayan cikin ramin. Ya shige har gwiwar hannu, yatsunsa suka huda suka leƙa cikin ɗaki. Daidai wurin ake shimfiɗa wa manyan yaran biyu tabarma.

Abdu ya ba ni jaririn, ya shiga ya fito da diga.

Kwana tara muka yi a kai. Muka tokare azara, muka cire gindin bangon muka sa sabon tubali, aka nemo wani tsoho daga garin gaba wanda bai manta kwaɓin yaɓe ba. Rabi tana zaune a inuwa tana ba da umarni, wai ƙaiƙayi ya yi kaɗan, wai a bar ƙasar ta ƙara kwana. Ashe duk tana riƙe da abin da ta gani tana ƙarama. Mutanen gari suka yi dariyarsu suka more. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce gidan ya koma na zamanin kakanni, Rabi ta ba ta amsar da ba zan iya rubutawa a jarida ba. Kafin in bar garin mata biyu suka same ni a ɓoye, suka ce in je in ƙwanƙwasa musu nasu ba tare da mazansu sun sani ba. Biyu kawai, a gari guda.

To me ya rage na Cima? Ba ta bar hoto ba sai ɗan ƙaramin nan na katin zaɓe. Kabarinta ya baje, ni kaina sai na yi lalube nake gane shi. Dutsen da ta tono yana cikin benayen da mai gadi ba zai bar irinta ta shiga ba, kuma babu sunanta a ko'ina. Rabi ba ta yafe mini ba tukuna. Tana gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ya rage shi ne mace ɗaya a wajen Buza da ta san ana taɓa bango da hannu duk shekara, da yara uku da za su tashi suna ganin ana yi. Bai kai ran yayata ba, babu abin da zai kai.

Shekaranjiya aka ce mini an wuni ana ruwa a garin su Rabi, tun hantsi har la'asar bai ɗauke ba. Na zauna da waya a hannu na kasa dannawa. Da na danna, ta yi ta ƙara babu mai ɗauka, har na fara salati. Can sai Rabi ta ɗauka.

"Kawu, lahiya lau. Indararo ɗai ka yoyo kaɗan, Abdu na bisa shina gyara. Kashe wayar, tuwona ka ƙonewa."